Turancin Bayan Zana

Duk wanda ya tashi a Kebbe a wancan zamani ya san zaren Safara'u, ko da bai san fuskarta ba. Masaƙa har rige-rige suke yi a kansa ranar kasuwa, don siriri ne, ba ƙulli ba kumburi. Ita kuwa mai zaren 'yar gajeriyar mace ce mara son hayaniya, matar wani manomi da ake kira Jumare. In ta zauna gindin tsamiyar tsakar gida da mazari da taskira, ta shafa alli a yatsu, to sai haƙuri, gangar jikinta ce kawai a wurin. Sai a kira ta, a sake kira, kafin ta dawo daga inda ta tafi ta ce, "Na'am?" Maƙwabta suna cewa Safara'u da ido buɗe take mafarki, kuma ba su yi mata ƙarya ba.

Ɗanta na fari shi ne Namadi. Sunan nan ba a taɓa jin sa a bakinta ba, ba kuma wanda ya yi mamaki, don haka mace mai kunya take yi da ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, in ya shigo ta kawar da kai. Sai dai ita Safara'u ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ana yaye yaron, Dada gwaggon Jumare, wadda ke aure a Tambuwal ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta hau jaki. Safara'u ko ƙofar ɗaki ba ta fito ba. Ta tsakanin asabari ta leƙa, abin da ta gani kuwa wutsiyar jaki ce tana shan kwana. Mata suka yi ta yaba mata kunya. Wa ya san abin da ke cin ranta ranar? Daga nan in dole ta kama a ambace shi, sai ta ce "mutumin Tambuwal".

A Tambuwal ɗin aka sa shi boko. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ya ci jarrabawa, aka kai shi sakandare a Sakkwato, abin da ba a taɓa ji ba a danginsu kaf. Bai kai ga hutun tsakiyar shekara ba Allah ya yi wa Dada rasuwa. Da aka ba su hutu, ba inda za shi sai gidan ubansa. Haka ya sauka Kebbe da akwatin kwano, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Dogon saurayi siriri, mai magana ciki-ciki. Ya durƙusa daga nesa ya gaida Safara'u, ta juya masa ƙeya ta amsa wa bango.

Aka ba shi bukkar da ke bayan zana, dab da turken akuya. Zanar nan ita kaɗai ta raba bukkar da gindin tsamiya, saboda haka duk abin da ya gaya wa ubansa ran da ya iso, a kunnen Safara'u ya faɗa.

"Baba, sauran darussa ba su dame ni ba. Turanci ne."

"Mi Turancin ya yi maka?" in ji Jumare.

Namadi ya kwashe duka ya gaya masa. Malaminsu na Turanci wani Bature ne mai dogon wuya, tun ranar farko ya shimfiɗa wa 'yan aji ɗaya sharuɗɗansa. In an shiga ajinsa Hausa ta tsaya a bakin ƙofa tare da takalma. Kowane wata sai ka karance littafin labari ka zo ka faɗi abin da ke ciki, rubutu kuma da tawada, in ta ɗiga ka sake daga farko. Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin shi ne, in an koma hutu kowa zai miƙe a gaban aji ya kawo shafi guda da ka, murya sama, ido cikin idon malam. Namadi kuwa riƙon tsohuwa ne, bai taɓa kallon babba ido da ido ba, in ya ɗaga kai sai karatun ya gudu. An riga an ja masa kunne. In ya sake kakarewa, ba shi ba aji biyu, wataƙila ma a ce ya tattara akwatinsa.

Jumare ya ce, "To ni mi nika iya yi maka? Ka yi ta biyawa, Allah shi dafa maka."

Mazarin Safara'u ya tsaya cak. Ku ji fa wani malami! Yaro a yi masa tarbiyya ya iya sunkuyar da kai, shi kuma ya ce laifi ne? Ranta ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ta, don ta san garinsu. In aka koro shi, har ya tsufa sunansa wanda Turanci ya kora.

Daga ranar, in an taso daga gona an yi la'asar, sai Namadi ya tsaya bayan zana ya tasa akuya a gaba a matsayin Bature, ya dube ta ido cikin ido ya fara. Akuya tana tuƙa, ko a jikinta. Safara'u kuwa ta matso da tabarmarta kusa da zana, wai inuwa ta fi kyau a nan.

Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji. Amma muryar ɗanta ce, wadda ba ta taɓa samun ta zauna ta saurara ba tun yana gwaranci. Karatun yana tashi yana sauka, wani wuri a guje, wani wuri a hankali, wasu kalmomin suna fita kamar ana hura wuta. Da yake ba wanda ya gaya mata abin da shafin ke cewa, sai ta sa masa nata labarin. Farkonsa, inda murya ke tafiya daidai, jaki ne ya fita daga Kebbe da tsohuwa da goyo. Inda take yin ƙasa-ƙasa, sun shiga daji, inuwa ta rufe su, yaron ya yi barci, kansa na lilo. Ita kuma tana biye da su a ƙasa, ba wanda ya gan ta balle ya ce ta yi rashin kunya, tana kore masa ƙuda da bakin zane. Zare yana tafiya, jaki yana tafiya. Wani lokaci har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar hanyar take ji.

Sai kuma a zo gulbi. A nan ne kullum Namadi yake kakarewa, wuri guda, bayan wata doguwar kalma. Jaki ya toge a bakin ruwa, ba gaba ba baya. Sai ta ji shiru, ta ji ƙarar takarda, ya leƙa littafi, sannan a haye. Kullum haka. Tun tana ƙirga abin a ranta har ya zamana in sun doso gulbin nan sai ta tsai da mazari ta kasa kunne. Kunnen da ya saba riƙe waƙar daka da ta niƙa kuwa bai bar komai ya zube ba. Ba ta ankara ba ta ji kanta tana biya shafin a bakin murhu, ita da tukunya.

Hutu ya ƙare. Ana gobe zai bi motar kasuwa zuwa Tambuwal, daga can ya wuce Sakkwato, sai ya kawo littafin ya ba ubansa, ya ce a ɓoye, yau ba leƙe. Jumare ya cusa shi a aljihu ya fita masallaci. Gida ya rage daga ita sai shi sai akuya, hadari yana haɗuwa a gabas.

Ya fara, jaki ya fita gari lafiya, aka wuce daji. Aka zo gulbi, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa, ya sake tsayawa. A karo na gaba shirun ya yi tsawo, sannan ta ji abin da ba ta shirya masa ba. Saurayi guda yana jan hanci, yana danne kuka don kada a ji.

Wayyo Safara'u! Kalmomin nan suna bakinta, a jere, kamar ta tofar. Amma ta yi wa ɗan fari magana? Ita da ake kawo wa amare misali da ita? Abin da ta riƙe shekara da shekaru, wanda saboda shi ta bar wutsiyar jaki ta sha kwana ba ta ce uffan ba? Ta dubi ƙofar gida, ba kowa. Ta ajiye mazari, ta juya wajen turke, ta gyara murya.

"Ke akuya," in ji ta, "saurara ki ji."

Ta kawo kalmomin da ke bayan doguwar kalmar, da sauka da tashinsu, yadda ta ji su a bakinsa.

Bayan zana ya yi tsit. Har ta fara cewa a ranta ta yi abin kunya a banza. Can sai ta ji ya maimaita, ya ɗora, ya wuce, bai tsaya ba sai ƙarshen shafi. Ya koma farko ya sake, ya haye gulbin nan ko tuntuɓe babu. Ruwa ya sauko, ita tana zaune, audugarta tana jiƙewa ba ta sani ba.

Da safe ya zo sallama, ya durƙusa daga nesa, ta juya masa ƙeya kamar kullum. Ya ɗauki akwatinsa, da ya zo daidai turke sai ya tsaya ya ce, "Akuya, na gode. Allah shi saka da alheri."

Ya wuce zuwa aji biyu. Daga baya shi ma ya zama malamin Turanci a Tambuwal, ana cewa ya fi Baturen tsanani. Safara'u ta ci gaba da kaɗinta har ido ya yi rauni ta ajiye mazari. Ba ta taɓa tambayar abin da shafin ke nufi ba. Jumare ya taɓa fara gaya mata, wai Namadi ya ce labarin wani jirgin ruwa ne, ta ce ya riƙe jirginsa, ita ta san abin da ke ciki. Sunan ɗanta kuwa har ta koma ga Allah ba ta kira ba.

Amma a shekarunta na ƙarshe, duk hutun da Malam Namadi ya zo Kebbe a kan kekensa, da furfura a gemu, in an yi la'asar sai ya zaga bayan zana. Mutumin da ya koya wa ɗaruruwan yara shafin nan sai ya fara shi daga farko, a hankali, ya zo bayan doguwar kalma ya tsaya, ya yi shiru yana jira. Tsohuwa kuma sai ta gyara zama, ta juya wajen turken da ya daɗe ba akuya, ta ce, "Ke akuya, saurara ki ji."