Dakashin Da Muka So Zubarwa

Ko da zan manta komai na zamana a Malbaza, safiyar da na haifi ɗiyata, haihuwata ta biyu, ba za ta fita raina ba. Lokacin maigidana yana aiki a kamfanin siminti, muna zaune da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Ɗana na fari kwanansa goma sha ɗaya a duniya, zawo ya tafi da shi. Wannan kuma ta zo 'yar mitsitsiya, kukanta ma sai an kasa kunne. Al'adarmu a lokacin, ruwan nonon farko, wato dakashi, ba a ba jariri. Ana cewa dauɗa ne, a matse a zubar har kwana uku. Inna ta kawo ƙoƙo, na fara matsewa ina hawaye.

Sai ga wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Alela. Ta sauke ƙwarya, ta leƙo ta yi barka, ta ga ƙoƙon.

Ta ce, "Inna, mi za a yi da wanga?"

Inna ta ce, "Zubarwa mana. Haka muka taras."

Bafulatanar ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Amma maraƙin da bai sha nonon farkon nan ba, ba ya kai damina. Mun gani har mun gaji."

Na zaci Inna za ta yi faɗa. Sai na ga ta zauna bakin gado, ta daɗe tana kallon jaririyar. Ta ce a hankali, "Nawa 'ya'yan ukku suka koma ga Allah tun suna jarirai." Ta ɗauke ta da hannunta, ta ɗora mani a ƙirji. "Ba ta, ɗiyata. Allah shi raya muna."

Jaririyar ta kama, ta sha. Ta rayu, yau 'ya'yanta huɗu.

Bayan shekaru wata malamar asibiti a Birnin Konni ta yi mani bayani. Ta ce a cikin dakashi akwai wasu ƙananan sinadarai da ke tada garkuwar jiki su daidaita ta, har masana na ware su suna nazari ko za su zama magani.

Abin da na koya shi ne, ba a raina mai faɗa maka gaskiya don bai yi karatu ba. Kuma babba da ya iya sakin abin da ya gada saboda ran jariri, girmansa ƙaruwa yake yi. Allah ya jiƙan Inna.