Kunkurun da Ya Ƙi Cin Ciyawa

Ko da zan manta da komai na shekarar babban farin nan, ba zan manta da abin da ya haɗa ni da kunkurun uwar mijina ba. A shekarar ne sojoji suka karɓi mulki, ni kuma ina sabuwar amarya a wani tsohon gida na cikin garin Agadez, inda kana tsaye a tsakar gida kana hango hasumiyar babban masallaci. Maigidana baduku ne, sirdin raƙumi yake ƙawatawa da jar fata. To raƙuman sun mutu a daji, wa zai sayi sirdi? Jar dawar taimako ce rufin asirinmu. Sojoji ke rabon ta, mu kuma mata mu bi layi da ƙorai tun da safe.

A gidan na tarar da kunkurun. Girmansa ya kai babban akushi in an kife. Marigayi uban mijina ne ya tsinto shi yana ɗan mitsitsi, kuma da yake shi mai garka ne, wato lambu, a bakin ƙorama, da ganyen salati, wato latas, da tumatir ya raine shi. Kunkuru ya tashi bai san akwai wani abinci a duniya ba. Bayan rasuwar tsohon, Inna, wato uwar mijina, ta ci gaba da sayo masa salati ko da ita za ta sha miya ba nama. Shi kuwa yini yake a gindin randa, ba ya motsin kirki, kashinsa kullum ruwa-ruwa. Ni dai na ɗauka haka kunkuru yake.

Ana nan sai autar Inna da ke aure a Ingall ta haihu, dole ta tafi zaman jego. Ranar tafiyar, kafin ta hau kamyo, wato babbar motar kaya, ta ja hannuna gefe.

"Ɗiyata, ga gida nan, ga mijinki nan. Shi in ya ji yunwa yana da baki. Wancan na gindin randa kuwa ba ya da wanda zai gaya wa. Amana na ba ki."

Na durƙusa na ce, "In Allah ya yarda, Inna, lafiya lau za ku tarar da shi."

Da na san abin da ke tafe, da ban amsa da sauri haka ba. Ba a daɗe ba rijiyoyin garake suka ƙafe, salati ya ɓace daga kasuwa ɓat. Na gutsuro tuwon jar dawa na ajiye masa. Ya miƙo wuya, ya sunsuna, ya dube ni da ɗan idon nan nasa kamar na zage shi, ya mai da kai ciki. Na gwada dusa, na gwada ɓawon kabewa, har fura na dama masa. Ko kallo ba su ishe shi ba. Kwanaki suna ta wucewa, fatar wuyansa ta fara saki, idanunsa suka faɗa.

Maigida da fari dariya yake mini. Da ya ga na fara hawaye sai ya ce, "Haba ke kuwa. Mutane suna layin dawa, ke kina kukan salatin kunkuru? Kada wani ya ji a waje."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na kasa gaya wa kowa. Amma shi ɗa ne, ko me ya faru za a yafe masa. Ni ce baƙuwa a gidan, kuma wannan ce amana ta farko da aka ɗora mini.

A layin dawa na haɗu da wata dattijuwa, cikin makiyayan da fari ya cinye musu dabbobi ya koro su bakin gari. Ta tambaye ni ko ina da turmi, domin nata ta baro shi a hanya lokacin da jakinta ya faɗi. Na ce ta biyo ni gida ta yi daka. Tana cikin daka ta hangi kunkurun, ta tambayi abin da ke damun sa. Na ba ta labari ina jin kunya. Ta ajiye taɓarya ta yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da na tabbata ta daɗe ba ta yi ba.

Da Hausarta mai gauraye ta ce, "Yarinya, na daji wa yake shuka musu salati? Busasshiyar ciyawa suke ci, da ganyen da ya faɗo daga itace. In sun ga tsohon ƙashi su gwagwiye, shi ke ƙarfafa musu baya. Salati ai ruwa ne. Naku ba ciwo gare shi ba, sangarta ce."

Washegari ta zo mini da ɗan ɗaurin ciyawa da aka yanko daga wajen duwatsu. Na yayyanka na zuba masa. Ya taka ta, ya wuce.

Abin da ya warware mana matsalar, wallahi ba dabarar kowa ba ce. Maƙwabciyarmu ta yi suna, na ƙunsa lalle a ƙafa, ya kama jawur. Da hantsi ina zaune a tabarma na miƙe ƙafafu ina tsintar dawa, dattijuwar tana daka. Sai na ji ƙarar jan ciki a ƙasa. Kafin in ɗaga kai, kunkurun nan da ba ya iya motsi ya taso da saurin da ban taɓa gani ba, ya cafke babban yatsan ƙafata. Na yi ƙara, faifai ya yi sama, dawa ta watse. Maigida ya fito daga zaure da basilla a hannu yana tambayar ko kunama ce.

Dattijuwa ta share hawayen dariya ta ce, "Ba kunama ba ce. Tumatir ya gani."

Ina ɗaure yatsa da tsumma tunanin ya zo mini. Ɗanyen tumatir babu, amma akwai kauɗa a ɗakin Inna, busasshen tumatir ɗin da muke miya da shi. Na jiƙa kaɗan, na niƙa, na cakuɗa da ciyawar har ta yi ja. Ya zo da gudu. Sai dai ɗan banzan wayo gare shi, ya lashe jan ya bar mini ciyawa. Na sake yanka ta ƙanana-ƙanana yadda ba zai iya tsincewa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya buɗe baki ya ci, yana tauna kamar wanda aka yi wa dole.

Daga nan na riƙa rage kauɗar kaɗan-kaɗan ba tare da ya lura ba. Na ƙara da harawa in an samu, da ganyen zogalen maƙwabciya wanda ruwan wanke-wanke ya rayar. Dattijuwa ta kawo tsohon ƙashin da rana ta busar, abin da ba a rasa ba a shekarar, muka daka muna barbaɗa masa. Wata rana ya ci, wata rana ya yi fushi ya juya mini baya. Na koyi in ƙyale shi, yunwa ta dawo da shi. A hankali kashinsa ya daidaita, ya fara zagaya gida yana ture duk abin da ya tare masa hanya.

Ranar da Inna ta dawo, tana sauke kayan dabino ta dubi gindin randa. Babu kunkuru. Muka duba madafa, muka duba ƙarƙashin gado, babu. Sai ga muryar maƙwabciya ta kan katanga.

"Amarya, ku zo ku ɗauki baƙonku. Ya haƙo rami ta ƙarƙashin bango, ga shi nan yana cinye mini tsintsiya."

Inna ta ce, "Tsintsiya?"

Muka zagaya. Ga shi kuwa a tsakar gidan mutane, buɗu-buɗu da ƙasa, ya danne sabuwar tsintsiya da ƙafa yana zarar ta tsinke-tsinke. Inna ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa bayansa, ta gwada ɗaga shi ta ji nauyi. Na ba ta labari tun daga salati har yatsana, ina jiran faɗa. Ta daɗe tana shafa bayan nasa.

Can ta ce, "Rabon da ya haƙa rami tun Malam yana da rai, lokacin yana sakin sa cikin garka ya yi kiwo. Ni da na tsare shi a gindin randa, ina cewa gata nake yi masa." Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta yi murmushi. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Ki gaya wa mijinki ya toshe ramin nan, kuma ya saya wa baiwar Allah tsintsiya."

Da damina ta dawo, dattijuwar ta koma daji da 'yan awakin da danginta suka haɗa mata. Inna da kanta ta ba ta ƙaramin turminmu.

Yanzu da na yi 'ya'ya har da jikoki, na gane abin da kunkurun nan ya koya mini. Ba wa wanda kake so abin da ransa yake so kaɗai ba shi ne ƙauna ba, wani lokaci cutarwa ce cikin ruwan sanyi. Kuma wanda ya saba da abu, ba a raba shi da shi da faɗa ko rana ɗaya. Sai ka haɗa masa abin da zai amfane shi da ɗan abin da ya sani, ka yi haƙuri, har ranar da zai nema da kansa.