Idin Kaka da Aka Mayar Agusta

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata a Ƙaura, ba zan manta shekarar da aka ɗaga wa kakata ranar idinta ba. Ina makarantar sakandare lokacin, babana yana aiki a tashar jirgin ƙasa, kuma a shekarar ce aka soma shari'a a Zamfara. Mu Kiristoci ba wanda ya taɓa mu, amma tsoro ya sa iyalai da yawa sun koma garuruwansu. Ran Lahadi nakan zauna a baya a cikin coci ina kallon bencunan da babu kowa a kansu.

Kaka sunan wata waliyiya ta ci, wadda ta yi shekaru tana kuka tana yi wa ɗanta addu'a har ya shiryu. Ita ma tana da irin wannan ɗa: autanta, kawuna, direban babbar mota, wanda ya bar coci, ya bar zuwa gida. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ranar idin waliyiyar, a farkon Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura ana ta duban sama. Tsohon Fadanmu, limamin cocinmu, yakan yi mata addu'ar Misa, ita kuma ta soya wainar masa ta raba wa maƙwabta, kawu ya zauna a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa. Ba ya shiga coci, amma yana zuwa.

A shekarar nan aka ɗauke tsohon Fada, aka kawo wani matashi. Ni na raka Kaka wurinsa, ina riƙe mata lema. Ya saurare ta da ladabi, sannan ya nuna mata kalandar coci da ke bango, ya ce tun kafin a haife shi aka mayar da wannan idi ƙarshen Agusta, tsohon Fada dai yana lallaɓa ta ne kawai.

“Mama, ki yi haƙuri zuwa Agusta,” in ji shi. “Za mu yi shi yadda ya kamata.”

Kaka ta daɗe tana kallon kalandar, ita da ba ta karatu. Ta ce, “Fada, ashe har waliyyai ma ana canza musu wurin aiki?”

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Na lura sau biyu ta tsaya hutawa kafin mu kai gida. Ba mugunta Fada ya yi ba, yanzu na san haka. Ƙa'ida ya bi, kuma Kaka ba irin wadda za ta yi musu da Fada ba ce. Babana ya aika wa kawu da saƙo ta hannun wani direba cewa ya bari sai Agusta.

Da Mayu ya kama, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Musulma ’yar garin Banga, ta leƙo ta katanga ta ce, “Ke tsohuwa, ina masarmu ta bana? Ko rowa ta kama ki?” Kaka ta gaya mata an ɗaga ranar. Matar ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ɗaga wa mai tsufa rana ba. Da yamma Kaka ta ɗaura zanen idinta, ta zauna tana fuskantar ƙofa har rana ta faɗi, duk da ta san ba mai zuwa.

A tsakiyar damina ta kwanta rashin lafiya. Kawu yana can kudu da mota, saƙo bai riske shi ba. Muka binne ta gero yana kaiwa ƙugu.

A ƙarshen Agusta kawu ya zo, kamar yadda aka ce masa, da sabon zane a leda. Maƙwabciyar nan ce ta fara ganinsa, ta ɗora hannu a ka. Ranar ya shiga coci. Ya zauna kusa da ni a bencin baya, ledar tana kan cinyarsa har aka tashi, Fada yana ambatar sunan Kaka.

Tun daga ranar, in tsoho ya ce mini yau yake son abu, ba na duba kalanda. Ranar idi ana iya mayar da ita wani wata, amma mai jiranta ba lallai ya kai can ba.