Kawu Araha da Dogon Bene

Shagon Kawu Araha bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba, rabinsa kuma kekunan ɗinki ne da suka mutu suna jiran ya tashe su. Gyaransu ne sana'arsa tun yana saurayi. Amma ba duk mai zama a bencin ƙofar shagon ne ya kawo keke ba. Da yawa shawara suka zo nema, domin unguwar kaf an san cewa wanda zai je babban birnin nan na bakin teku, inda ko ruwan sha sai ka sa hannu a aljihu, gara ya fara biyowa ta wurin Kawu.

Shekara da shekaru yana zuwa birnin sayo allurai da bel ɗin keke da ƙananan ƙarafan da ba a samu a nan. Wasu kan je su dawo suna rantsuwa ba za su ƙara ba, shi kuwa ya dawo da canji har da tsaraba. Daga nan sunan ya bi shi, bai kuma taɓa jin haushinsa ba.

Shawararsa ba ya ɗaga kai daga aiki yake ba da ita.

"Ka tafi da gora, babu komai a ciki, tashoshin jirgin ƙasa duk da famfo," haka ya gaya wa wani malamin makaranta da aka tura taro can. "Wurin cin abincin da ka ga mai gadi da kwat a ƙofa, wuce abinka, kwat ɗin nan kai za ka biya. Da rana ka zaga bayan manyan gine-ginen, ka ga inda masu shara da direbobi suka nufa, ka bi sahunsu. Masauki kuwa, can ƙarshen layin jirgi. Barci za ka yi, ba aure ba."

"To dogon benen nan fa, Kawu? An ce daga samansa ana ganin birnin duka har teku."

"An ce kuma sai da tikiti, ko ba a gaya maka ba? Daura da shi akwai benen ajiye motoci. Ka shiga lifta kamar mai mota, ka hau har ƙarshe. Teku dai ɗaya ce, ba a yi wa masu tikiti tasu daban ba."

Daidai nan matarsa, wadda kowa ke kira Goggo, ta iso da kwanon abincin rana.

"Ɗana, kada ka biye masa," in ji ta. "Araha ba ta ado."

"Ado kuma ba ya cika ciki," Kawu ya amsa, yana ɗiga wa keke mai.

Goggo ba ta taɓa taka birnin ba, amma ta san shi kamar tafin hannunta. Duk dawowar Kawu sai ya zauna a tsakar gida ya zayyana mata: jirgin da ba shi da direba, matakalar da ke tafiya da kanta, jiragen ruwa jere kamar an shanya su. Ta kan ce, "Wata shekarar da ni za a." Shi kuma ya ce, "Sai kaya sun yi sauƙi." Kaya kuwa ba su taɓa yin sauƙi ba.

A kan allura ya fara lura. Ita ce ke zura masa zare idan zai gwada keken da ya gyara, don ta fi shi ido. Wata rana ya ga ta kai zaren ta kuskure, ta sake, ta kuskure, ta yi dariya ta ce allurar ce ba ta da kirki. Bayan nan ta fara zuba shayi a gefen kofi. Likita ya duba, ya ce wannan irin ciwon ido ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu.

A hanyarsu ta komawa gida ta ce, "Malam, ka kai ni in ga ruwan nan naka tun da sauran mai a fitila."

Wannan karon bai ce sai kaya sun yi sauƙi ba.

Ya bi da ita duk hanyoyinsa. Suka sauka a masaukin ƙarshen layi, inda mai wurin ya san shi har ya ce, "Yau kuma da amarya aka zo?" Goggo ta rufe baki da gefen mayafi. Suka jira ma'aikata suka gama tururuwar safe, sannan ya zaunar da ita a kujerar gaba ta jirgin, dab da gilashi. Ta riƙe ƙarfe gam.

"Da gaske babu mai tuƙi! To idan akuya ta gitta fa?"

"Akuyar garin nan ba ta da kuɗin fitowa titi."

Suka ci abinci cikin masu shara, ta yaba miyar, ta ce gishiri ne dai suke yi wa rowa. Ya cika mata gora a famfon tasha. Duk inda suka bi yana riƙe da gwiwar hannunta, abin da bai taɓa yi a unguwa ba.

Da rana ta yi sanyi ya kai ta benen ajiye motoci. Suka shiga lifta yana ta ɗaure fuska irin ta masu mota. Ƙofa ta buɗe a saman, ya ja ta zuwa kusurwar da ya saba tsayawa, ya buɗe baki zai ce "ga ta nan", sai ya yi turus. Inda teku take a da, yanzu wani sabon gini ne tsaye, baƙin gilashi daga ƙasa har sama. Abin da ya gani a ciki inuwarsu ce, tsoho da tsohuwa da gorar ruwa.

"Ita ce wannan baƙar?" Goggo ta tambaya, tana karkata kai yadda take yi yanzu idan tana neman gefen idon da ke gani.

"A'a. Gini aka yi."

Ta ce, "To ba komai. Ai na ga jirgi marar direba. Mu tafi kafin masu motar su gane mu."

Ya san muryar da take cewa ba komai da ita. Ya kuma san cewa baɗi, ko da an rushe ginin nan, ba lallai idon ya jira ba. Ya ɗaga kai ya dubi dogon benen da ya yi shekaru yana hana mutane hawa.

A wurin sayar da tikiti yarinyar da ke sayarwa ta faɗi kuɗin, Kawu ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Malam, ba fa dole," in ji Goggo a hankali.

"Biyu," ya ce wa yarinyar, ya kwance jakar da ya ware don sayen allurai.

Lifta ta ɗauke su har kunnuwansu suka toshe. A saman, Goggo ta matsa jikin gilashi ta dafa shi da hannu biyu. Gidajen da titunan sun yi mata nisa, duk sun narke kamar an zuba madara a ruwa. Ta juya kai hagu, ta juya dama. Can sai ta tsaya cak.

"Wancan hasken fa, mai faɗi, kamar an goge faranti?"

"Ita ce."

"Duk wancan ruwa ne?"

"Duk. Rana ce ta kwanta a kai."

Ta daɗe tana kallo ba ta ƙifta ba. Sannan ta ce ya gaya mata sauran. Ya shiga nuna mata da baki: ga jiragen ruwa can, ga gada, ga layin jirgin da suka biyo kamar zare a ƙasa. Yana cikin yi ta fashe da dariya har wasu baƙi suka waiwayo.

"Malam, ka biya wannan uban kuɗi don ka ba ni labarin da kake ba ni kyauta a tsakar gida!"

"Yau ai kina da shaida," ya ce, ya juya yana goge ido da hannun riga, wai iskar na'urar sanyi ce.

Sun dawo babu allura ko ɗaya, teloli suka yi ta mita. Labari kuma ya riga su isa unguwa, har mai aski ya leƙo shago ya ce a sake wa Kawu suna.

Har yanzu yana ba da shawarar gora da ta bin sahun masu shara. Sai dai idan aka zo kan dogon bene, yakan ajiye abin kwance ƙusa ya dubi mai tambayar.

"Kai kaɗai za ka, ko da iyali?"

Goggo kuwa, daga kan bencin da take zama yanzu tana laluben zare, sai ta ce, "Ka hau, ɗana. Ni na gani."