Igiyar Mai Dakon Katako

Tun safe mai tallar motoci take tsaye, ƙafafunta sun yi tsami, bakinta ya gaji da yabon sabuwar akori-kura mai aiki da batir. Sai ga wani dattijo yana zagaya motar a hankali, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, garin katako maƙale a girarsa. Ba ya kallon fitilu, ba ya shafa fenti. Da ganinsa, ta ayyana a ranta, ya tsufa yana dakon katako a motar da sai an tura take tashi.

Sai ya zaro igiya daga aljihu, mai ƙulli daidai tsawon katakon da yake ɗauka, ya shimfiɗa ta a bayan motar. Ƙullin ya zarce ƙofar baya, yana reto.

"'Yata, ina sauran bayan?"

"Baba, an rage shi ne don a sa kujerun iyali. Batirin ma nauyi gare shi. In ka lafta mata kaya, ba za ta yi nisa ba sai ta nemi caji."

Ya leƙa kujerun nan masu laushi, ya daɗe, kamar mai jera jikokinsa a kai. Sannan ya naɗe igiyarsa, ya yi ajiyar zuciya.

"Wurin zamansu kam ya yi kyau," in ji shi. "Amma katakon da ke ciyar da su, shi ba a yi masa wuri ba."