Takardar da Na Jefa a Ƙwarya

Ni na rubuta takardar nan. Gara in faɗa tun daga farko, domin na yi shekara biyu ina ɓoyewa, kuma wata baiwar Allah ce ta sha wuyar ɓoyon nawa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gwarzo da Kara. Mu Kiristocin cikinsa ba mu da yawa, gida-gida ake ƙirga mu. Majami'armu ginin ƙasa ce da rufin kwano, in ana ruwa sai dai ka ga bakin fasto yana motsi. Kowace Talata da la'asar zumuntar mata kan taru, mu kusan ashirin. Ni malamar firamare ce, saboda haka duk abin da ya shafi biro da takarda a wuyana yake.

Matar fastonmu, wadda muke kira Mama, ta je wani taron mata a birni ta dawo mana da sabuwar dabara. Ta ce akwai damuwar da mace ba ta iya faɗa da baki. Don haka kowacce ta rubuta roƙonta a 'yar takarda ba tare da suna ba, ta naɗe ta jefa a ƙwarya, a cakuɗa, a karanta, a yi addu'a. A birni dabara ce mai kyau. Abin da Mama ta manta shi ne, a cikinmu mu huɗu kaɗai muka iya rubutu: ita, da ni, da wata tsohuwa da idonta ya riga ya mutu, sai wata matashiya mai ɗinki da aka auro daga wajen Garo. Sauran sukan raɗa mini a kunne in rubuta musu. Ni ce kuma mai karantawa.

Tawa damuwar ta fara ne daga memorin wayata. Na kai shi wurin masu cajin waya a zuba mini waƙoƙin sujada. An zuba, amma an bar wasu abubuwa a ciki, ko da gangan ko bisa kuskure, oho. Da na buɗe na gani, na yar da wayar kan katifa kamar na taɓa garwashi. Bayan kwana uku na sake buɗewa, wai don in goge. Goge me? Kafin damina ta fita na koyi nemo su da kaina. Da rana tsaka fa, tsakanin tasowa daga makaranta da ɗora tukunya, maigida yana gona, yara suna gidan kakarsu. Sau nawa wake ya kama a tukunya ina ɗaki! Na yi azumi, na yi kuka, na yi wa Ubangiji alkawari ya fi a ƙirga. Ran Lahadi in tsaya a gaban mawaƙa ina ba da waƙa, hotunan nan suna yawo a bayan idona. Na tsani kaina, Allah ya sani.

Wata Talata na kasa jurewa. Ana cikin rubuce-rubuce na karkace na yagi takarda, na rubuta da hannun hagu don kada a gane rubutuna: "Ku yi mini addu'a. Ina kallon batsa a waya, na kasa bari." Na jefa a ƙwarya tare da na sauran. Da aka zo karatu, na karanta na mai ciwon baya, na karanta na mai neman haihuwa, sannan na warware tawa na karanta da murya ɗaya, ko gezau.

Mama ta ce, "Mu durƙusa." Ta yi addu'a mai tsawo, har na ji wani sanyi ya ratsa ni. Na ɗauka shi ke nan.

Ashe ban san matanmu ba. Muna fita suka kewaye ni a gindin darbejiya. Wata inna mai bakin tsiya, wadda ba a taɓa yin zance a ƙauyen ya wuce ta ba, ta kama mini hannu.

"Malama, ke kike rubuta mana. Wa ta raɗa miki wannan ƙazanta?"

Na ce, "Inna, ba wadda ta raɗa mini wannan."

Gaskiya na faɗa, kuma gaskiyar nan ce ta kashe yarinyar mutane. Nan take suka yi lissafinsu. In ba raɗawa aka yi ba, to mai rubutu ce. Mama dai ba a ma kawo ta. Tsohuwa ba ta gani. Ni kuwa wa zai zargi wadda ta karanta da bakinta? Sai mai ɗinki, ga ta da babbar wayar da mijinta ya saya mata don ta riƙa nuna wa mata samfurin ɗinki. Ina tsaye na ga idanu sun juya kanta lokacin da take gyara goyonta. Kalma biyu ta isa in cece ta. Na haɗiye su, na ce miya tana jirana.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wata ya doka. Ba wanda ya tare ta ya faɗa mata a fuska, da ma an yi haka da ta sami bakin kare kanta. Sai dai in ta zauna a benci a matsa. In ta kawo kunu ranar aikin gayya a ce an ƙoshi. Mama ta tsawata sau biyu, ta ce ƙwarya ta addu'a ce ba ta bincike ba, aka ce to, aka ci gaba. Magana ta tsallake katanga har gidajen maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da su ne ke cika mata ɗaki da atamfa in Sallah ta matso. Aikin ya ja baya. Daga ƙarshe maganar ta kai kunnen mijinta. Ya ƙwace wayar ya rotsa ta da taɓarya a tsakar gida, a gaban mutane.

Duk da haka tana zuwa kowace Talata. Takan zauna a ƙarshen benci kusa da taga, ita kaɗai, ta zuba mini ido ina karatu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai na riƙa karanta takardu kaina a sunkuye. Wata Talata muka ga wurin babu kowa. Aka ce ta ɗauki keken ɗinkinta da ɗanta ta koma gidansu.

A makon ne na je na faɗa wa Mama. Tana ɓarar gyaɗa. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati irin na matanmu ba. Ta tura mini tire ta ce in sa hannu. Ta ce a taron nan an faɗa musu ba maza kaɗai abin nan ke kamawa ba, mata dai sun fi iya mutuwa da shi a ciki. Ta karɓi babbar wayata ta kulle a akwatinta, ta ba ni wata 'yar rakani-kashi da ko hoton ɗan akuya ba ta nunawa. Ta ce in riƙa zuwa duk Alhamis daidai lokacin nan da nake faɗuwa. Mu karanta aya ɗaya, mu yi addu'a, sannan ta tambaye ni kai tsaye, "Makon nan fa?" Sau biyu na faɗi da wayar maigida, sau biyun na gaya mata, ba ta kore ni ba. A hankali abin ya sake ni.

Amma duk Alhamis in zan tashi sai ta ce, "Saura yarinyar nan, 'yata." Mama ta je wurin mijin yarinyar da kanta ta ce masa ba matarsa ba ce. Ya ce to wace ce? Ba ta da ikon faɗa. Ni kuwa kullum sai in ce a ba ni lokaci. Haba! Lokacin me? Tsoro ne kawai, tsoron benci ya yi mini faɗi kamar yadda ya yi mata.

Sai da aka yi kaka biyu sannan na miƙe a gaban zumunta na ce ni ce. Wasu suka yi kuka, wasu suka kalli ƙasa. Innar nan ta riƙe haɓa ta ce, "Wayyo, mun ɗauki alhaki." Ba wadda ta matsa daga kusa da ni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Washegari na hau mota zuwa Kabo, na ƙarasa garinsu a kan babur. Na same ta a rumfa a gidan mahaifinta tana taka keke. Ta rame. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara da Mama, ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya muka rabu. Na durƙusa a ƙasa na ce, "Ƙanwata, takardar nan ni na rubuta."

Sai da ta kai ƙarshen layin da take ɗinkawa ta tsinke zare.

"Na sani, Yaya. Ina gefenki ranar. Na ga kin mayar da biro hannun hagu."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

"Addu'a kika roƙa. Ta yaya zan tona mai roƙon addu'a? Na ce za ki tashi da kanki. Talata goma sha ɗaya na zo ina kallon bakinki."

Ta tambaye ni ko na daina, na ce na daina. Ta ce madalla. Na ce ta yafe mini don girman Allah.

"Na yi miki addu'a kamar yadda takardar ta ce, har yau ban fasa ba," in ji ta. "Yafiya kuwa, ina nan ina roƙon Allah ya ba ni. Bai ba ni ba tukuna." Ta ɗora ƙafa a kan keken.

Mijinta ya je biko sau biyu, ba ta dawo ba. Mun daina ƙwaryar nan. Yanzu mai damuwa takan je wurin Mama ne ita kaɗai, kuma akwai mata biyu da Mama ta turo mini, ina yi musu tambayar da aka yi mini. Amma har yau ni ke karanta sanarwa ran Talata. Kafin in buɗe baki sai na dubi ƙarshen bencin nan na kusa da taga. Ba wadda ke zama a wurin, kuma ba wanda ya hana.