Telan da Aka Ce Ya Mutu

Sama da shekara hamsin tsoho Khiem ya yi a kan keken ɗinki guda, a kasuwar tsofaffin kayan soja ta birnin Saigon. Lokacin yaƙi, yana saurayi, shi ke ɗinka wa sojoji kaki mai zanen damisa a shagon mahaifinsa. Yau kakin nan ya zama abin nema, masu tara kayan tarihi na tasowa takanas daga Japan dominsa. Amma Khiem facin wando ake kawo masa.

Masu tara kayan kuwa wurin maƙwabcinsa Loc suke zuwa, mutumin da ko zare bai iya zurawa a allura ba. Loc zai ɗaga riga, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce ta asali ce ko jabu, kowa ya gyaɗa kai. Har Malam suke ce masa. Duk ranar da Khiem ya ji wannan Malam ɗin, shinkafa ba ta wuce masa maƙogwaro. Hassada ce, ya sani, bai kuma yi niyyar dainawa ba. So yake sau ɗaya kasuwa ta san waye gwani.

Sai ya ciro ragowar yadin da mahaifinsa ya bari a akwati, da zaren zamanin, ya ɗinka riga. Ya jiƙa ta da ruwan shayi, ya shanya ta wata guda a kan rufin kwano don ta yi kama da tsohuwa, ya ba ƙanwar matarsa ta kai wa Loc.

Ran Asabar, gaban baƙi uku, Loc ya juya cikin rigar waje, ya daɗe yana shafa bakin aljihu. Ya ce, "Ta asali ce. Ban taɓa riƙe kamarta ba."

Khiem ya taso har yana tuntuɓe da kujera. "To Malam, yau ka sha ƙasa. Ni na ɗinka ta watan jiya."

Loc ya dube shi da tausayi. "Haba Baba, zauna ka huta. Dubi layin nan, ko kaɗan bai karkace ba. Mai wannan hannun ya daɗe a kabari. Da yana raye, ni da kaina zan durƙusa masa."

Aka yi dariya. Wani ya miƙo wa Khiem kofi mai ƙanƙara.

Ya koma kan kekensa. Yabon da ya shekara hamsin yana jira ya zo, daga bakin Loc ma, amma ba wanda ya yarda nasa ne. Ya jawo wandon faci, zare ya ƙi shiga allura, don idonsa ya cika da ƙwalla.